Wa Ya Yi wa Daji Ƙyaure?

Gabatarwa

Hausawa kan yi wa daji kirari da cewa ba a yi masa ƙyaure. Abin da suke nufi shi ne daji na kowa ne. Maharbi ya shiga da kwari da bakansa, makiyayi ya kora shanunsa, mai magani ya sassaƙo ɓawon maɗaci, matafiyi kuma ya yada zango inda dare ya riske shi, ba tare da wani ya nemi izinin wani ba. Amma wanda ya bi hanyar Jos daga Kano, ya wuce Tudun Wada ya shiga Falgore, zai ga cewa zamani ya taɓa wannan kirari. An shata wa daji iyaka, an rubuta sunansa a takardun gwamnati, an kuma ɗauki ma'aikata domin su hana wasu shiga, su buɗe wa wasu hanya.

A 'yan shekarun nan wata sha'awa ta taso a tsakanin matasan birni irina, wato sha'awar fita bayan gari a kafa tanti a bakin ruwa ko gindin dutse, a kwana a ƙarƙashin taurari, a dawo da hotuna. Masu jari sun lura da wannan, ana ta maganar gina masaukai a gefen dazuzzuka da tafkunan da ke kewaye da Kano. A fuska al'amarin ba shi da aibi, domin hutu halal ne, kallon halittar Ubangiji kuma abu ne da addini ya kwaɗaitar a kansa. Sai dai akwai tambayar da nake ganin ya wajaba mu amsa kafin mu ɗaure kayan tafiya: shin adalci ne a killace daji domin hutun mutumin birni, alhali akwai waɗanda abincinsu na yau da gobe yake cikin wannan dajin? Idan kuwa killacewar ta zama dole, wa ya kamata ƙyauren ya tare, wa kuma ya kamata ya bari ya wuce?

Birnin da ya cinye dajinsa

Zan fara da ba mutumin birni haƙƙinsa, domin buƙatarsa ta gaskiya ce. Ni ɗan Zaitawa ne, unguwar da ake danganta sunanta da Abdurrahman Zaite, jagoran Wangarawan da Tarihin Kano ya ce sun iso a zamanin Sarki Yaji. Wanda ya tashi a lungunanmu ya san yadda katanga take rungume da katanga, ya san yadda zafin watan Afrilu yake kwana a cikin ɗaki har asuba, ya kuma san cewa yaro zai iya kai wa shekara goma sha biyar bai taɓa tsayawa a wurin da idonsa zai yi tafiya mai nisa ba tare da ya ci karo da gini ba, in ba ya hau Dala ko Gwauron Dutse ba.

Da can ba haka birnin yake ba. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen ƙarni na 12, wadda sarakunan baya suka riƙa faɗaɗawa, ta kewaye gidaje da gonaki da kududdufai da filayen kiwo gaba ɗaya. Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya ƙiyasta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba. Hikimar ita ce idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, mutane su sami inda za su yi noma, dabbobi su sami inda za su yi kiwo. Sunan kasuwar Kurmi ma, wadda aka kafa a zamanin Muhammadu Rumfa, yana tuna mana cewa a tsakiyar birnin nan akwai lokacin da itatuwa suka yi duhu a bakin Jakara. Hatta sarauta ta san darajar fita bayan gari, shi ya sa sarakuna suka ajiye gidaje a Fanisau da Ɗorayi, kuma har yau hawan Sallah ba ya cika sai an fita can.

A yau gonakin cikin ganuwa sun zama unguwanni, an cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, ganuwar kanta ta zube a wurare da dama. Saboda haka idan saurayin Zaitawa ko Yakasai ya ce yana son ya kwana inda zai ji kukan tsuntsu maimakon ƙarar janareta, bai kamata a ɗauke shi mai kwaikwayon Turawa ba. Yana neman abin da kakanninsa suke da shi a ƙofar gida ne, wanda aka cinye kafin a haife shi. Kwanan daji kuwa tsohon abu ne a wurinmu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun yi watanni suna kwana a zango, almajirai sun yi kiskadi a bukkokin bayan gari domin su tsare karatu, mafarauta kuma har gobe suna fita da rani. Bambancin kawai shi ne su larura ce ta fitar da su, mu kuwa nishaɗi ne, kuma wannan bambancin shi ne tushen tambayar da nake yi.

Abin da aka tanada a kewayen Kano

Shugabannin da suka gabata sun yi tunanin wannan buƙata. Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ne ya buɗe gidan namun dajin da ke ɗauke da sunansa a yau. A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka kammala ta a 1974, aka kuma yi otal a bakin tafkin Bagauda da wani a kan dutse a Tiga domin masu zuwa hutawa. Dajin Falgore, wanda Turawan mulkin mallaka suka fara killacewa da sunan gandun dajin Kogin Kano a ƙarshen shekarun 1940, an ɗaga shi ya zama gandun namun daji a ƙarshen shekarun 1960. Yana da nisan kimanin kilomita 150 daga birni, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya kuma ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Daga baya aka ƙara madatsar Challawa a Ƙaraye a 1992. Wanda ya ƙara gaba zuwa Bauchi zai tarar da Yankari, wadda aka buɗe wa jama'a a 1962, inda baƙi ke kwana a sansanin Wikki kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, suna fita kallon giwaye da ɓauna da gwanki.

Wannan jeri yana da daɗin karantawa, amma kowane suna a cikinsa yana da wani labari a ƙarƙashinsa. Ruwan Tiga da baƙo yake kallo da yamma yana jin sanyi a ransa ya kwanta ne a kan gonaki da ƙauyukan da aka tashi mutanensu. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, masunta da manoman da suka dogara da ambaliyar kowace shekara sun ga yadda madatsun suka sauya tafiyar ruwa, ciyawar kacala ta toshe musu hanyoyinsa. A cikin Yankari akwai tsofaffin rijiyoyi da kufan matoyar ƙarfe, shaidar cewa mutane sun rayu a wurin tun kafin a kira shi gandu. Ashe shirun da baƙo yake biya ya saya a irin waɗannan wurare akwai wanda ya riga shi biyan kuɗinsa, kuma galibi ba a tambaye shi ba.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. Lokacin da Amurka ta kafa gandun Yellowstone a 1872, wanda ake lissafawa a matsayin gandun ƙasa na farko a duniya, an raba 'yan asalin yankin da wuraren farautarsu domin baƙi su tarar da daji wanda babu kowa a cikinsa. A Tanzaniya an fitar da makiyayan Masai daga Serengeti a 1959. Tunanin da ke bayan wannan shi ne daji ba ya cika daji sai an share ɗan Adam daga cikinsa, sa'an nan a shigo da wani ɗan Adam ɗin da ke riƙe da tikiti. Wannan tunani baƙo ne a ƙasar Hausa. A wurinmu ɗorawa da kaɗanya da kuka da gawo suna tsaye a tsakiyar gona ne saboda manomi ya ƙi sare su, gawo ma yana zubar da ganyensa da damina ya bar wa gero hasken rana, ya kuma ba dabba abinci da rani. Dajinmu da hannun mutum ya girma.

Abin da na gani a bakin wani tafki

Muna aji uku a jami'a muka yi tafiya ta kwana biyu zuwa wani wurin shaƙatawa da ke bakin tafki a kudancin Kano. An zagaye wani yanki na gaɓar ruwan da waya, aka share shi, aka jera kujeru, mu kuma muka kafa tantunanmu a ciki. Da hantsi sai ga wani yaro makiyayi, wanda bai wuce shekara goma sha biyu ba, ya koro shanu kamar goma sun nufo ruwa. Tsohon da ke gadin wurin ya tashi da sandarsa ya tare su, ya nuna wa yaron wata hanya mai nisa da ke zagaye wayar. Yaron bai yi gardama ba. Ya juya shanunsa cikin rana, suna tafe suna waiwayen ruwan da ke gabansu.

Na matsa kusa da tsohon na ce, “Baba, ai da an bar su sun sha, ba za su rage mana komai ba.” Ya dube ni ya ce, “Ɗana, nan ne mashayarsu tun ina yaro, ni ma a nan na shayar da na mahaifina. Amma an ce baƙi ba sa son kashin shanu, ni kuma aikin da aka ba ni ke nan.”

Ba wanda ya zagi wani a wannan rana, ba a kuma karya wata doka ba. Mai wurin yana da takardarsa, mu mun biya kuɗinmu, maigadi ya yi aikinsa. Duk da haka an yi rashin adalci, domin an ɗora buƙata mai sauƙi a kan buƙata mai nauyi. Mu abin da za mu rasa shi ne tsabtar wurin zama na kwana biyu. Shi kuwa yaron an ƙara masa tafiya a kowace rana ta rani, an kuma koya masa tun yana ƙarami cewa akwai mutanen da hutunsu ya fi ƙishirwar dabbobinsa daraja. Irin wannan darasi ba ya gogewa, kuma ƙasarmu ta riga ta ɗanɗana abin da yake haifarwa a inda gonaki da gine-gine suka cinye burtali da mashaya.

Hujjar masu cewa a cire ƙyauren

Mai karatu zai iya cewa, to, ai magana ta ƙare: a tsinke waya, a mayar da daji yadda kirarinsa ya ce. Wannan ra'ayi yana da tausayi a cikinsa, amma ba zai tsaya ba idan aka gwada shi da abin da ke faruwa. Lokacin da aka yi wancan kirari mutane kaɗan ne, gatari ne makamin sara, jaki ne abin dako. A yau akwai injin yankan itace da ke kayar da ƙiryar da ta shekara ɗari cikin 'yan mintoci, akwai kuma manyan motocin da ke shigowa Kano dare da rana ɗauke da buhunan gawayi da itacen girki. Dajin da aka bari ba tsaro a irin wannan zamani mai ƙarfi ne yake cinye shi, kuma talakan da aka ce an buɗe dominsa shi ne zai fara rasa inuwa da saiwar magani da ciyawar dabba. Falgore kuma ita ce ke rufe da ƙasar da Kogin Kano yake ratsawa kafin ya zuba a Tiga. Idan itatuwanta suka tafi, zaizayar ƙasa za ta cika tafkin da yashi, manoman rani na Kura da Kadawa su ji a jikinsu.

A nan ne ya kamata mutumin birni ya sassauta murya idan yana zargin mutanen karkara da ɓata daji. Gawayin da ake toyawa a can a murhunan birni yake ƙarewa, a gidajenmu da wurin mai shayi da mai tsire. Wanda ya sare itacen ya karɓi kaso mafi ƙanƙanta na ribar, shi ne kuma malamin daji yake kamawa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, in ji masu iya magana, mu ma mun bar mai saye mun kama mai sara.

Akwai kuma darasi na biyu, wanda ya fi ɗaci. Dajin da hukuma ta killace sa'an nan ta juya masa baya ya fi wanda ba a taɓa killacewa ba haɗari, domin an fitar da masu idon da ke lura da shi, ba a kuma maye gurbinsu da kowa ba. Sambisa gandun namun daji ce kafin sunanta ya zama abin tsoro. Kamuku ta Birnin Gwari, wadda ta zama gandun ƙasa a 1999, da dajin Rugu na Katsina, duk sun zama maɓoyar 'yan bindiga. Falgore ma ta yi shekaru tana fama da ɓarayin shanu da masu tare hanya, har rundunar soja ta mayar da wani sashe nata filin atisaye a 2017. Otal ɗin Bagauda kuwa ya daina karɓar masu hutu, harabarsa ta zama reshen makarantar horar da lauyoyi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Saboda haka zuwan baƙi daji, idan an tsara shi, yana cikin abin da ke raya shi: yana kawo hanya, da aikin yi, da idon hukuma. Ke nan ƙyaure ya zama dole, baƙo ma yana da amfani. Abin da ya rage shi ne a san yadda za a riƙe ƙyauren.

Ma'aunin Sayyidina Umar

Ba sai mun je nesa neman ma'auni ba, domin yana cikin littafin da malaman zaurukan birnin nan suke karantarwa tun ƙarnoni, wato Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Larabawa suna da abin da suke kira hima, wato filin da aka killace aka hana kiwo a cikinsa, kusan abin da muke kira hurumi. A zamanin jahiliyya manyan mutane ne suke killace wa kansu. Ana ba da labarin Kulaibu, wanda ya keɓe wa raƙumansa makiyaya, ya harbe taguwar wata mata mai suna Basus saboda ta shiga, abin da ya jawo yaƙin da aka ce ya shekara 40 ana yi tsakanin ƙabilu biyu 'yan'uwan juna. Musulunci ya hana irin wannan killacewa ta son kai, ya bar wadda aka yi domin amfanin jama'a kawai. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, ya kuma karantar da cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta.

Da Sayyidina Umar ya naɗa wani bawansa mai suna Hunayyu ya kula da wata hima, sai ya yi masa wasiyyar da ta ƙunshi dukkan abin da nake son faɗa. Ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalilinsa shi ne waɗannan biyun idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka idan nasa suka mutu zai zo da 'ya'yansa ne ya tsaya a gaban shugaba, kuma ba shi ruwa da ciyawa ya fi sauƙi a kan ba shi zinariya da azurfa. Ya kuma yarda a fili cewa ƙasar tasu ce, kuma ba don dabbobin da ake ɗaukar mayaƙa a kansu ba, da bai killace ko taƙi ɗaya ba.

Abubuwa uku nake tsinta a nan. Na farko, killacewa ba ta halatta sai da dalilin da ya shafi kowa, kuma a tsaya a gwargwadon dalilin. Kare mafarin kogi da hana namun daji ƙarewa dalilai ne irin waɗannan. Jin daɗin masu iya biyan kuɗin ɗaki shi kaɗai bai kai ba. Na biyu, idan za a tare wani, a fara da wanda yake da wata madogara. Na uku, mai killacewa ya ci gaba da tuna cewa ƙasar tana da masu ita, kuma bashi ne a kansa. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan abin da muke yi a yau, za a ga mun kifar da shi. Ƙyaurenmu yana buɗewa ga mai mota da mai lasisin yankan katako, yana rufewa ga mai shanu goma da matar da ta zo tsintar ƙwaran kaɗanya.

Haƙƙin da ke kan baƙo

Wani zai ce wannan ma'auni na zamanin raƙuma ne, ba zai yi aiki a harkar yawon buɗe ido ba. Amma an gwada makamancinsa a wannan nahiya. A 1996 Namibiya ta yi dokar da ta ba al'ummomin karkara ikon kula da namun dajin yankinsu da cin moriyar baƙin da ke zuwa kallonsu, har masu gina masauki suka koma ƙulla yarjejeniya da mutanen ƙauye. Kusa da mu kuma, a yankin Kure da ke gabashin Yamai a Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suna yawo ne a tsakanin gonakin gero, ba waya ba katanga. A tsakiyar shekarun 1990 sun ragu zuwa kimanin 50, amma da aka sa mutanen yankin a cikin aikin, 'ya'yansu suka zama masu yi wa baƙi jagora, adadin ya haura 600. Harin da aka kai wurin a watan Agustan 2020, wanda ya ci rayukan baƙi Faransawa shida tare da direbansu da ɗan jagoransu, ya nuna wani abu kuma: mai masauki yana ɗaukar kasadar baƙonsa har da ransa, don haka bai dace a ce rabonsa a cikin ribar ya zama saura ba.

Daga nan nake ganin abin da ya wajaba a kan duk mai son gina masauki a Tiga ko Challawa ko gefen Falgore. Kafin ya nemi takarda a ofis, ya zauna da dagaci da arɗo da sarkin ruwa da sarkin baka, a nuna masa burtali da mashaya da matsayar jiragen masunta, ya ja wayarsa ta kauce musu. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta riga ta amince cewa kiwo yana da haƙƙin fili, sai dai a raya ta. A rubuta kason da zai riƙa komawa ƙauyen daga kuɗin kowane baƙo, a san shi a fili kamar yadda aka san kuɗin ɗaki. A ɗauki maharban yankin aikin tsaro da jagora, domin wanda ya san sawun gada da makwancin gwanki ya fi kowa iya kare su idan cikinsa ya dogara da rayuwarsu. A kuma ware ranakun da 'yan makarantun gwamnati, na birni da na ƙauye, za su shiga kyauta, don kada daji ya zama wani kulob na masu hali.

Mu kuma masu zuwa da tanti, al'adarmu ta riga ta tsara mana ladabin baƙunta. Baƙo yana yin sallama, don haka a fara da gaida mutanen ƙauyen da ke kusa kafin a kafa ko turke ɗaya. A sayi nono da ƙwai da kifi a hannunsu maimakon a ciko mota da komai daga birni. Kada a ɗauki hoton matar wani ko rugar wani ba da izini ba, domin talaucin mutum ba abin ado ba ne. A kashe wuta sarai kafin a tashi, musamman da hunturu lokacin da ciyawa ta bushe, a kuma kwashe leda, domin saniyar da ta haɗiye ta tana iya mutuwa. Idan kuma makiyayi ya nufo ruwa, mu ne ya kamata mu janye tabarma. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, yana sauka da dare ya tashi da hantsi, mai gida kuwa shi zai zauna da abin da aka bari.

Kammalawa

Amsata ga tambayar da na ɗora ita ce killace daji yana halatta, a wannan zamani ma ya zama wajibi, kuma ɗan birni yana da haƙƙin ya je ya huta a cikinsa. Sai dai haƙƙinsa shi ne na ƙarshe a layi. Dajin kansa yana gaba, domin idan ya ƙare kowa ya rasa, har da waɗanda ba a haifa ba. Mai neman abinci a cikinsa yana biye, mai neman hutu ya zo a bayansu. Duk tsarin da ya juya wannan jeri, komai kyan ɗakunansa, hima ce irin ta Kulaibu, kuma tarihi ya nuna inda irinta take ƙarewa.

Ina fatan ƙannena na Zaitawa su sami ranar da za su kwana a Falgore ba tare da fargaba ba, su ga yadda gari yake wayewa a kan Kogin Kano, su koyi sunan marke da taura da kanya daga bakin wanda ya tashi a cikinsu. Wannan rana ba za ta zo da ƙarfin soja kaɗai ba. Za ta zo ne idan mutanen da ke zaune a gefen dajin suka ga cewa zuwanmu ƙari ne a gare su, har su da kansu su zama masu tsaron ƙyauren.